Babi na Shida: Manu Garba, Daga Fili Zuwa Benci

Tsakanin Oktoba da Nuwamban 2013, tawagar yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 17 ta buga wasa bakwai a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ta zura ƙwallo 26, aka zura mata 5, ta dawo gida da kofin duniya. A watan Agustan 2016 tawagar ta je Yamai, Nijar ta lallasa ta da ci 3 da 1, ta yi waje da ita tun a wasannin share fage na Afirka. Mutum ɗaya ne ke zaune a benci a duka lokutan biyu: Manu Garba, mutumin Gombe.

Masu gardamar gidan kallo ba sa wahalar da kansu wajen neman dalili. In an ci kofi, koci gwani ne. In an sha kashi, basirarsa ta ƙare, a nemo wani. Amma ilimin da mutum ya shekara talatin yana tarawa ba ya zubewa cikin shekara uku. Bambancin yana cikin abin da aka damƙa masa: su wane ne yaran, daga ina aka zaƙulo su, kuma wata nawa aka bar shi da su kafin a busa usur. Wanda ya bi tarihin wannan mutum tun yana taka leda har ya koma benci zai gane yadda ake gina ɗan ƙwallo a ƙasar nan, zai kuma gane inda ake asararsa.

Meksiko, 1983

An haifi Manu Garba a 1965. Ya taso a zamanin da gasar ƙwallo tsakanin makarantun sakandare take cika fili da 'yan kallo, kuma daga nan manyan ƙungiyoyi ke ɗibar 'yan wasa. A 1983 yana cikin tawagar Flying Eagles ta koci Christopher Udemezue, wadda Ali Jeje ke yi wa kyaftin. Sun doke Kwaddebuwa suka ɗauki kofin matasa na Afirka, suka samu gurbi a gasar matasa ta duniya a Meksiko. Kafin su babu wata tawagar Najeriya, ta manya ko ta yara, da ta taɓa zuwa gasar FIFA.

Sun fara da ƙafar dama. Tarila Okorowanta ya ci Tarayyar Sobiyet ƙwallo ɗaya, aka tashi a haka. Sai suka gamu da Birazil mai Dunga da Bebeto, ta ba su uku ba ko ɗaya, kuma ita ce ta ɗauki kofin a ƙarshe. Suka yi canjaras da Holan ba ci, tafiyar ta tsaya a rukuni. Ga matashin da bai cika shekara 18 ba, irin wannan tafiya makaranta ce. Ya ga da idonsa cewa ƙarfi da gudu ba su isa ba in abokin karawa ya iya riƙe ƙwallo, ya kuma san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun kafin ya ɗaga kai.

A gida ya buga wa El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, ƙungiyar da ta ɗauki Kofin Ƙalubale sau biyu a jere, 1991 da 1992. Bai yi suna a Turai ba kamar 'yan bayansa, su Tijjani Babangida da Garba Lawal. Rayuwarsa ta ƙwallo a filayen gida ta ƙare, da doguwar tafiya a mota da filin da ba ciyawa da albashin da ba ya zuwa kan kari. Da ya rataye takalmi ya shiga horarwa, ya riƙe Gombe United. Wannan tarihi ya yi masa rana daga baya, domin yaran da za a kawo masa daga irin waɗannan filaye suke fitowa, kuma ya san yarensu.

Zaman almajirci

A 2007 aka ɗauke shi mataimaki ga Yemi Tella, kocin Golden Eaglets, wato tawagar 'yan ƙasa da shekara 17. Tella malami ne a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, mutum mai koyar da ƙwallo kamar darasin aji. A shekarar suka ci kofin Afirka a Togo, suka wuce Koriya ta Kudu. Ranar 9 ga Satumba suka kara da Sifaniya a wasan ƙarshe a birnin Seoul. Aka yi minti 120 ba ci, aka je bugun fenariti, Najeriya ta ci uku, Sifaniya ba ta ci ko ɗaya ba. David de Gea ne a ragarsu. A tawagar akwai Rabi'u Ibrahim ɗan Kano, da Macauley Chrisantus wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, guda bakwai. Tella ya yi wannan aiki ne yana fama da ciwon daji. Ya rasu a watan Oktoba, makonni kaɗan bayan dawowarsu.

Zama a ƙarƙashin wani kafin a ba mutum ragama ba al'adar ƙwallonmu ba ce kaɗai. A Amurka akwai wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake a idonmu ya fi kusa da zari-ruga: 'yan wasa goma sha ɗaya kowane ɓangare, da hular kwano a ka, ana rungumar ƙwallon a ruga da ita. Jami'o'i ne ƙashin bayan wasan, har filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Kocin da ya fi kowa cin kofin ƙasa a wannan mataki shi ne Nick Saban. Ya buga wasa a Jami'ar Kent State a jihar Ohio a farkon shekarun 1970, bai taɓa bugawa a babbar gasar ƙwararru ba. A 1973 kocinsa Don James ya riƙe shi a matsayin ƙaramin mataimaki. Ya yi ta yawon mataimaki daga wannan wuri zuwa wancan har 1990, lokacin da Jami'ar Toledo ta ba shi ƙungiya tasa ta kansa. Kafin ya yi ritaya a Janairun 2024 ya ɗauki kofin ƙasa sau bakwai, ɗaya da Jami'ar Jihar Louisiana a 2003, shida da Alabama.

Saban da Manu ba su yi tarayya a wasa ko a dukiya ba, amma hanya ɗaya suka bi. Dukansu 'yan wasa ne da duniya ba ta san su ba, dukansu sun daɗe suna ɗaukar jakar wani. Ɗan wasan da komai ke zo masa da sauƙi yakan kasa bayyana wa yaro yadda ake yi, don shi ma bai san yadda yake yi ba. Wanda ya sha wuya kafin ya iya, shi ke da kalmomin koyarwa.

Daga Kalaba zuwa Abu Dabi

Da aka ba Manu ragamar Golden Eaglets, aka haɗa shi da mataimaka waɗanda su ma sun san hanya: Nduka Ugbade, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin farko a ƙasar Sin a 1985, da Emmanuel Amuneke, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1994, da Emeka Amadi mai horar da masu tsaron gida. Gwamnatin Kuros Riba ta ba su masauki da fili a Kalaba. Nan suka tare suna tace yara, suna atisaye, suna buga wasannin sada zumunta da ƙungiyoyin da suka girme su. A 2012 suka fitar da Nijar da Gini da Mali a wasannin share fage.

A gasar Afirka da aka yi a Maroko a Afrilun 2013 suka ci Gana 6 da 1, suka ci Kwango 7 da nema, amma Kwaddebuwa ta gagare su. Ta doke su a rukuni, ta sake doke su a wasan ƙarshe da bugun fenariti. Da a ce an bi ta masu ihu, da nan aka sallami kocin. Aka bar shi ya koma sansani da yaransa. Lokacin da suka sauka a Daular Larabawa, mafi yawansu sun fi shekara guda suna kwana wuri ɗaya, suna cin abinci tare, suna jin murya ɗaya safe da yamma.

Salon da Manu ke yawan ambata shi ne wanda Holan ta yi suna da shi a shekarun 1970: kowa ya kai hari, kowa ya dawo tsaron gida. Irin wannan wasa ba ya yiwuwa sai in kowane yaro ya san aikin maƙwabcinsa, domin in ɗan baya ya hau gaba dole wani ya toshe gurbinsa ba tare da an kira shi ba. A wasan farko suka ci Meksiko, mai riƙe da kofin, 6 da 1, Kelechi Iheanacho ya ci huɗu. A wasa na biyu da Suwidin babban ɗan gabansu Isaac Success ya ji rauni, gasar ta ƙare masa. Taiwo Awoniyi ya taso daga benci ya farke ƙwallon da ta sa aka tashi 3 da 3, daga baya shi ya ci Yurugwai duka ƙwallaye biyun da suka kai Najeriya wasan kusa da na ƙarshe. Ƙungiyar da ta rasa gwaninta ba ta girgiza ba, wannan ita ce shaidar aikin sansani.

Ranar Juma'a 8 ga Nuwamba suka sake haɗuwa da Meksiko a Abu Dabi, kuma ba Meksikon ranar farko ba ce, domin a hanya ta fitar da Birazil da Ajantina. A minti na 9 Najeriya ta kai harin ba-zata, ɗan bayan Meksiko Erick Aguirre ya zo cirewa ya ci gida. A minti na 56 kyaftin Musa Muhammed, ɗan Kano, wanda aikinsa tsaron baya ne ta dama, ya hau gaba ya ɗirka ƙwallo daga nesa. Mai tsaron gida ya tare amma ta kuɓuce masa, Iheanacho na nan tsaye ya tura ta raga. A minti na 81 aka samu bugun tazara a bakin da'ira. Musa ya ajiye ƙwallon, ya ja da baya, ya lanƙwasa ta ta wuce katanga. Uku ba ko ɗaya. Iheanacho ya zama gwarzon gasar, Dele Alampasu ya zama gwarzon masu tsaron gida.

A 2015 Manu ya hau da wasu daga cikin yaran zuwa Flying Eagles, suka ci kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a Senigal, kafin Jamus ta tsayar da su da ci ɗaya a zagayen 'yan 16 na gasar duniya a Niyu Zilan. A shekarar ce kuma Amuneke, wanda ya gaje shi a Golden Eaglets, ya ɗauko kofin duniya a Chile, Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10. Tella ya koya wa Manu, Manu ya zauna da Amuneke: kofi uku cikin shekara takwas daga zuri'ar benci ɗaya.

Ƙashin wuyan hannu

Tun daga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda aka yi a Najeriya, FIFA ke amfani da na'urar MRI wajen tantance shekarun 'yan wasa. Yaro zai kwanta ya miƙa hannu, na'ura ta ɗauki hoton wuyan hannunsa. A ƙarshen ƙashin akwai wani siririn layi na guringuntsi inda ƙashi ke ƙara tsawo. Muddin yaro na girma layin a buɗe yake, in girma ya tsaya sai ya haɗe. Likitoci sun kasa haɗewar mataki shida, kuma wanda ya kai na shida an cire shi. Na'urar ba ta san ranar haihuwa ba, ƙashi take gani, kuma wani yaron ƙashinsa kan riga na sa'o'insa haɗewa. A Maroko a 2013 gwajin ya cire Wilfred Ndidi, wanda daga baya ya zama ginshiƙin tsakiyar Leicester da Super Eagles. An dogara da na'urar ne saboda takardun haihuwa a ƙasashe irin namu ba su da abin gaskatawa.

A 2016, ana gab da wasa da Nijar, gwajin ya zubar da yara 26 daga sansanin Manu, har da waɗanda aka gina ƙungiyar a kansu. Da ragowar ya fita. Suka ci ɗaya a Abuja, suka je Yamai aka ba su uku. Nijar ba sa'a ta taka ba: wannan tawaga tata ta kai har gasar duniya ta 2017 a Indiya, karo na farko a tarihin ƙasar. A 2019 Manu ya kai yara Birazil, suka doke Hangari da Ekwado, Holan ta cire su da ci 3 da 1 a zagayen 'yan 16. A 2024 aka sake kiran sa saura makonni kaɗan a fara gasar yankin Afirka ta Yamma a Gana, suka ƙare na uku, gurbin gasar Afirka ya wuce su. Hausawa sun riga sun yanke hukunci kan irin wannan shiri: ba a fafe gora ranar tafiya.

Kocin manya mai sayayya ne, yana shiga kasuwa ya zaɓi abin da ya nuna. Kocin yara manomi ne, kuma kowace shekara biyu sai an karɓe gonar an ba shi sabuwa, tunda shekaru sun fitar da waɗanda ya rena. In ba a ba shi cikakkiyar damina ba, ba shi da abin girbi.

Inda ido ba ya kaiwa

Saura tambayar daga ina yaran ke fitowa. A Amurka amsar a fili take. Yawancin makarantun sakandare suna da ƙungiya da koci mai albashi, ana buga wasa daren Juma'a, ana ɗaukar sa a bidiyo. Shekarun kowane yaro suna rubuce tun ranar da ya shiga aji ɗaya. Kocin jami'a da kansa yake zuwa gidan su yaro ya zauna da iyaye, ya yi alkawarin karatu kyauta. Yaron ƙauye mai baiwa da wuya ya ɓace.

A nan yawancin 'yan tawagar 2013 daga ƙananan makarantun horar da ƙwallo na birane aka samo su: Iheanacho daga Owerri, Awoniyi daga Ilori, Musa daga Kano. Akwai gasa irin Kofin Ramat da ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammed, inda masu neman 'yan wasa ke zuwa su zauna. Amma sai yaro ya kai birni kafin a gan shi.

A ɗauki yammacin Zamfara. Wanda ya bar Gusau ya bi ta Mayanci zuwa Anka, ya miƙa Daki Takwas har Gummi, ko ya karkata ƙasar Bukkuyum, zai ga ƙwallo a kowane gari. Bayan la'asar filin firamare yake cika. Sanda biyu ce raga, rabin yaran ba takalmi, ƙwallon kuma da karo-karo aka saye ta. Akwai koci, ko da ba mai biyan sa: tela ne ko ɗan kabu-kabu ko malamin aji uku, wanda ya taɓa bugawa har gwiwa ta hana shi. Shi ke riƙe da usur da jakar riguna. Shi ke zuwa zaure ya durƙusa in za a je wasa wani gari.

"Baba, a yi haƙuri a ba mu aron yaron ga gobe, in Allah Ya so kafin magariba mun maido shi."

"Malam, mi za ya samu ga ƙwallo? Ga aiki can gona na jiran shi."

Tambayar uban tana kan hanya, kuma kocin ba shi da amsar da ta wuce kofin da wani mai hali ya sa bayan kaka. Zamfara United ta Gusau ta taɓa bugawa a babbar gasar ƙasa, amma babu tsanin da ya haɗa filin firamare da filin Sardauna na Gusau, balle Abuja.

Ga kuma nauyin da ya fi na ƙwallo. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Yargalma da Dareta ne aka fara kankare ƙasarsu aka zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi ta jinyar waɗanda suka rayu. Bagega sai a 2013 aka share ta, shekarar da ake ɗaga kofi a Abu Dabi. Jariran da suka tsira a wancan lokaci su ne sa'o'in yaran da Manu ya tafi da su Gana a 2024. Sun girma cikin rikicin 'yan bindiga, wanda ya sa aka rufe makarantun jihar a 2021, ya kuma mai da tafiya daga gari zuwa gari abin shawara. Babu mai neman 'yan wasa da zai biyo wannan hanya, kuma ko yaro ya kai kansa wurin tantancewa, da yawa ba su da takardar haihuwar da za su nuna.

Kocin ƙasa yana karɓar yaro ne yana ɗan shekara 15 ko 16, lokacin da yawancin abin da ƙafa za ta koya ta riga ta koya. Shekarun da suka gabaci wannan suna hannun wancan tela mai usur, da hedimasta, da ofishin rajistar haihuwa na Hukumar Ƙidaya. Abin da suke buƙata bai kai kuɗin gina fili ɗaya ba: gasar makarantu da za a riƙa yi kowace shekara a kowace ƙaramar hukuma ko da zaɓe ko babu, da ɗan kwas ɗin horarwa ga masu riƙe da yaran, da rubuta sunan jariri a makon sunansa. Sauran ya rataya ne ga zaman lafiya, wanda ba aikin hukumar ƙwallo ba ne.

Ko waɗanda ido ya kai gare su ma ba duka suka tsira ba. Yara 21 Manu ya kai Abu Dabi. Iheanacho ya je Manchester City, ya ci Kofin FA da Leicester a 2021. Awoniyi ya sa hannu a Liverpool a 2015, ya yi shekaru ana ba da shi aro kafin ya samu gindin zama a Union Berlin, sannan Nottingham Forest. Francis Uzoho, wanda ke benci a 2013, shi ya tsare ragar Najeriya a gasar duniya ta 2018. Da yawa daga cikin sauran kuwa sai mai bin diddigi ne zai iya faɗin inda suka ƙare. Abin da ke faruwa da yaro tsakanin ranar da ya ɗaga kofi da ranar da dillali ya miƙa masa takarda da biro, shi ne zancen babi na gaba.